Karatun kunne daga Ngaundere zuwa Kusiri: wane littafi ne ya cancanci cajin wayarka?

Sale Direba, Garwa:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Tunda Isiyaku ya ce kowa ya kawo abin da ya karanta a bana, ni sai dai in kawo abin da na saurara, don hannuna ba ya rabuwa da sitiyari. Shekara uku ke nan ina ɗaukar kaya daga tashar jirgin ƙasa ta Ngaundere zuwa Kusiri, wani zubin in haye gadar Ngeli in sauke a Njamena. Wanda ya taɓa bin babbar mota mai lodi a hanyar nan ya san ba tafiyar yini ɗaya ba ce. Da can waƙa da wa'azi nake sawa har su ishe ni. Yanzu littafi nake zubawa a memori, wani yana karantawa ni ina tuƙi. Iri uku na gwada: tarihi, kasuwanci, da tsoffin ƙagaggun labarai. Ga hukuncina, wanda ya ji haushi ya same ni a tasha. Tarihi yana korar gyangyaɗi. Tsoffin labarai suna gajarta hanya. Na kasuwanci kuwa asarar caji ne kawai. Guda huɗu na saurara da Faransanci, dukkansu fassara ce daga Amurka, kuma kowannensu magana ɗaya ce da za a gama ta tsakanin Garwa da Pitowa, amma sai a yi ta jan ta kamar cingam har awa takwas.

Isiyaku, mai kula da zaure:
Wa alaikumus salam. To, Sale ya jefa dutse a kasuwa, bari mu ga kan wa zai faɗa.

Hajiya Mairo, Ngaundere:
Kaina ya faɗa. Sale ƙanena, ka yi wa littattafan nan kuɗin goro. Ni shekara goma sha ɗaya ina ɗinki da sayar da atamfa, kullum shago cike da mutane, amma duk ƙarshen shekara sai in ga jarina ya rame ban san inda ya zurare ba. 'Yata ce ta sa mini wani littafin kasuwanci a waya, ina taka keke ina ji. Mafi yawansa bai shafe ni ba, na yarda. Amma akwai inda mutumin ya ce kuɗin shago ba kuɗin mai shago ba ne, ka yanka wa kanka albashi kamar yadda kake yanka wa yaronka. Ranar na nemo gwangwanin madara uku. Ɗaya na sarin kaya, ɗaya nawa, ɗaya na haya da wuta da zare. Duk wanda ya zo da uzurin biki ko suna ko asibiti, daga nawa nake ba shi, in ya ƙare ya ƙare. Na farko kuwa ko maigidan ba ya buɗe shi. Cikin shekara ɗaya na ƙara keke na biyu. Wannan shi ne asarar cajin?

Sale Direba:
Yaya Hajiya, ai kin taya ni ne ba ki sani ba. Awa nawa ne littafin, kuma minti nawa ne maganar gwangwanin? Ina da yaƙinin innarmu da take sayar da ƙuli-ƙuli ta san wannan, ƙulli uku take yi a bakin zane.

Hajiya Mairo:
Ta sani, ni ma na sha ji. Amma sai da baƙon murya ta faɗa mini sau bakwai da misali bakwai sannan ta zauna. Maimaicin da kake kuka da shi shi ya yi mini aiki. Mai ɗinki ba ta jin komai a karo ɗaya, ana magana allura tana karyewa.

Abakar, Njamena:
Ni ina tsakiya. Ina da 'yar rumfar gyaran waya, kuma na saurari irin waɗannan da yawa, amma sai na ƙara musu gudu, ninki ɗaya da rabi, don in ba haka ba barci. Matsalata da su ba tsawo ba ce. Duniyar da suke magana a kai ce ba tamu ba. Mutumin zai ce ka je banki ka karɓi rance, ka yi inshora, ka zuba rarar kuɗinka a hannun jari ya yi ta haihuwa shekara talatin. Rabin abin da yake kira wayo kuɗin ruwa ne, kuma mun san hukuncinsa. Sannan ban taɓa jin babin da ya ce ga abin da za ka yi in ka wayi gari an rufe iyaka ba. A watan Agustan 2019 Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa, sai Disambar 2020 aka fara buɗewa. Ku tambayi masu kaya a Kusiri da Garwa yadda suka ji a jikinsu. A 2023 aka janye tallafin mai a can, fetur ɗin sumoga da muke kira zuwa-zuwa ya yi tashin gwauron zabo a nan, ɗan kilando, wato ɗan acaɓa, ya ƙara kuɗi, mai kai mini kaya ya ƙara nasa. Wane Ba'amurke ne ya rubuta wannan?

Alhaji Umaru, Marwa:
Abakar, kai yaro ne, ba ka ga ta 1994 ba. A watan Janairun shekarar aka karya darajar sefa da rabi dare ɗaya. Faran ɗin Faransa da yake sefa 50 ya koma 100. Wanda ya kwana da kuɗi a akwati ya tashi rabin mutum, wanda ya kwana da kaya a sito ya tashi alhaji. Tun daga ranar ban ƙara barin kuɗi ya kwanta ba, albasa ko gyaɗa ko saniya. Ni ba na jin Faransancin littafi, na kasuwa kawai nake ji, don haka ban san me ke cikin waɗannan da kuke faɗa ba. Amma ina tambaya: akwai wanda ya yi bayanin yadda zan loda albasa mota guda in tura Duwala wurin maigidan da ban gani ba shekara biyu, babu takarda babu sa hannu, kuɗina su dawo cif bayan ya cire la'adarsa?

Malam Hamadu, Marwa:
Akwai, Alhaji, sai dai ba a rukunin kasuwanci za ka same su ba, a rukunin tarihi suke. Masana sun yi rubutu a kan fataucin goro tsakanin Kano da Gwanja, da yadda masu masauki a unguwar Sabo ta Ibadan suke tsaya wa baƙon da ya kawo shanu, su sayar bashi, su ɗauki nauyin biyan. Tsarin madugu da fatoma da dillali duk an rubuta shi. Ga kuma rayuwar Alhassan Ɗantata, wanda ya fara da goro, ya shiga sayen gyaɗa bayan jirgin ƙasa ya iso Kano, ya rasu a 1955. Abin takaici, irin waɗannan ba kasafai ake karanta su a murya ba, balle da Hausa.

To amma ni ba wannan ya shigo da ni ba. Sale ya yabi tarihi a kunne, ni kuma da nake koyar da shi a lise, wato makarantar sakandare, shekara ashirin, shi ne nake jin tsoro a kunne fiye da sauran biyun.

Sale Direba:
Ikon Allah. Malam, ni na ɗauka kai za ka fara tafa mini.

Malam Hamadu:
Bari ka ji dalili. Littafin tarihi na kirki a takarda yana da ƙafafu. Can ƙasan shafi akwai ƙananan rubutu da suke gaya maka wannan maganar daga wasiƙar wane hafsan soja aka ɗauko ta, wannan daga bakin wane tsoho, wannan kuma marubucin ne yake hasashe. In an zo karantawa a murya, galibi yanke su ake yi, don ba su da daɗin ji. Sai a bar ka da hadisi babu isnadi. Ga kuma murya mai kauri, mai natsuwa, wadda ba ta taɓa yin tuntuɓe ba. Kunne kuwa yana gaskata natsuwa.

Ɗauki yaƙin Kusiri, tunda can kake sauke kaya. Ranar 22 ga Afrilu 1900 aka yi shi. Rundunoni uku na Faransa suka haɗu don yaƙar Rabe, mai mulkin Barno a lokacin, ɗaya ta ƙetaro Sahara daga Aljeriya, ɗaya ta biyo ta ƙasar da ake kira Nijar yanzu, ɗaya ta hauro daga Kwango. Rabe ya mutu a ranar, shi ma kwamandan Faransawa Lamy ya mutu a ranar, shi ya sa garin da ke ƙetaren kogi ya amsa sunan Fort-Lamy har 1973 da ya koma Njamena. Wannan babu gardama. To amma tsohon littafin Bafaranshe zai ce maka sun zo ne su ceci jama'a daga mai bautar da mutane. Rabe ya bautar da mutane, ya rushe Kukawa a 1893, ba mai wanke shi. Amma ita rundunar da ta biyo ta ƙasar Hausa, a ƙarƙashin shugabanninta na farko, Voulet da Chanoine, ita ce ta yi wa Birnin Ƙonni kisan gilla a 1899. In mai karatu ya wuce wannan da jimla ɗaya kana kauce wa rami a Waza, shi ke nan ta wuce ka. A takarda idonka zai tsaya, ka koma baya, ka ja layi.

Sale Direba:
Na karɓi rabi. Gaskiya shekaru ba sa zama mini. In ka tambaye ni yaushe Jamusawa suka ci Marwa sai in yi ta sosa kai.

Malam Hamadu:
Janairun 1902, bayan Turawan Ingila sun kori Lamido Zubairu daga Yola a 1901, ya biyo ta Garwa, aka sake gwabzawa a can.

Sale Direba:
Ka ji, kai a kanka suke. Amma ga rabin da ban karɓa ba. Akwai abin da kunne yake ba ni wanda takardarka ba ta ba ɗalibanka. Rannan ina gangarowa daga tsaunin Mbe, giya ta ƙasa, mota tana nishi, birki yana wari, yarona ya riƙe waigi a hannu ko da za a buƙata. Littafin da ke kunne ya kai inda Bature Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarimu, ya iso bakin Binuwai a watan Yunin 1851, inda ta haɗu da Faro, yana kan hanyarsa ta zuwa Yola, inda Lamido Lawal bai bar shi ya daɗe ba. Da yamma na hau gadar Garwa, ga kogin nan dai a ƙarƙashina, mata suna wanki, masu yashi suna lodi. Wallahi sai da tsigar jikina ta tashi. Na bi gadar nan ya fi sau ɗari ban taɓa kallon ruwan a matsayin wani abu ba sai ranar. Haka in na wuce Mora, yanzu ina ɗaga kai in dubi dutsen da sojan Jamus suka maƙale a kai har Fabrairun 1916, bayan sauran Kamaru duk ta faɗi. Ka ga wannan shekarar ta zauna, don ina ganin dutsen duk mako.

Bello, ɗalibin jami'a a Dang, Ngaundere:
Ku yi haƙuri da abin da zan faɗa, amma saurare ba karatu ba ne. Wanda ya ji littafi yana tuƙi ko yana ɗinki bai karanta ba, an ba shi labari ne. Kada mu riƙa yaudarar kanmu muna ƙirga su cikin littattafan da muka karanta.

Hajiya Mairo:
To fa. Ga malamin jami'a ya iso.

Baba Garba, Kusiri:
Jikata ce take rubuta mini, ni ina faɗa. Bello jikana, Allah ya yi maka albarka. Ni a zaure na yi karatu. Malam yana riƙe da littafi, ɗalibi ɗaya yana ja, malam yana fassarawa, mu goma sha muna zaune babu mai ko takarda, don littafin guda ɗaya ne a unguwar. Haka muka ji Ahalari da Ishmawi da Risala. In azumi ya zo, alaramma yana jan baki, malam yana tafsiri, gari guda yana saurare. Duk waɗannan ba mu yi karatu ba ke nan? Yanzu yanar ido ta rufe mini ido ɗaya, ɗayan ma sai a hankali. Da ba don 'yar wayar nan ba, da na zauna da ƙarar fanka kawai. Kada ka kore ni daga cikin masu karatu da tsufana.

Bello:
Baba ka yafe mini, ban nufi irinku ba.

Baba Garba:
Na yafe. Amma bari in ba ka gaskiyarka, don kana da ita kaɗan, kai da Malam Hamadu. A zaure in ban gane ba ina cewa Allah gafarta Malam, a maimaita. In malam ya yi kuskure akwai babban ɗalibi da zai yi gyaran murya. Wayar nan ba a yi mata gyaran murya. Tana faɗa ne kawai, ko daidai ko ba daidai ba. Sannan sunayenmu. An sa mini wani na tarihi da Faransanci, jikata tana juya mini, mai karatun ya yi ta kiran wani suna har sau biyar ban gane ba, ashe Hayatu yake nufi, Hayatu ɗan Sa'idu jikan Sarkin Musulmi Bello, wanda ya zauna a Balda kusa da Marwa, ya bi Mahadi, ya haɗa kai da Rabe har ya auri 'yarsa, daga baya aka ɓata, ya mutu a hannun mutanen Raben. Mutumin da tsoffinmu suke ba da labarinsa, sai ga shi ban gane sunansa ba a bakin baƙo. Da ina yaro, in tsohuwa za ta ce abu ya daɗe sai ta ce tun zamanin Rabe. Waɗannan tsoffin sun tafi da abin da suka sani, ba wanda ya ɗauki muryarsu.

Zara, Garwa:
Maganar Baba ta suna ta tuna mini da abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya, wato karatun inji. Yanzu wasu ba sa ma wahalar karantawa, sai su zuba rubutun Hausa a manhaja ta karanta. Ita kuwa Hausa a rubuce ba ta nuna karin sauti ba, ba ta nuna dogon wasali ba. Mutum ne yake sanin gari na zama da gari na tuwo, kuka na miya da kuka na hawaye, wuya ta wahala da wuya na jiki. Na ji wani an karanta cewa amarya ta shiga ɗaki tana kuka, injin ya faɗe shi da sautin kukar miya. Ina tsakiyar aikin dare a asibiti na fashe da dariya ni kaɗai har mai gadi ya leƙo.

Amma ni ina bayan Sale a kan tsoffin labarai, kuma ina ganin akwai dalilin da ya sa suka fi dacewa da kunne. Littattafan ƙagaggun labarai na Hausa na farko, waɗanda suka fito daga gasar da aka sa a Zariya a 1933 aka buga su daga 1934, irin su Ruwan Bagaja da Shaihu Umar, mutanen da suka tashi cikin tatsuniya da hira ne suka rubuta su. Magana Jari Ce ma, wanda Abubakar Imam ya rubuta a ƙarshen shekarun 1930, ai ginshiƙinsa baki ne da kunne, aku ne yake ba ɗan sarki labari don ya hana shi fita. In an karanta shi a murya, gida ya koma. Na zamani da yawa kuwa, in aka karanta su sai ka ji kamar ana karanta saƙon waya.

Abakar:
Anti Zara, ai na zamanin su ne suka fi yawa a YouTube. Na soyayya kashi ɗari da wani abu, kullum ana sakin sabo.

Zara:
Na sani, ina ma ji wani lokaci, ba zan yi ƙarya ba. Amma akwai tambayar da ba ma son yi: marubuciyar ta sani? Wata ta kwana tana rubutu, wani ya ɗauka ya karanta ya sa a tasharsa yana karɓar kuɗin talla. Turawa suna da wani dandali, LibriVox, tun 2005 'yan sa kai suke karanta littattafan da haƙƙin mallakarsu ya ƙare, kowa ya sauke kyauta. Namu na Hausa mafi yawansu ba su kai nan ba. Shi kansa Imam a 1981 ya rasu, littattafansa suna da masu su.

Alhaji Umaru:
Wannan kam haƙƙi ne. Ko a kasuwa ba ka sayar da buhun wani don ka iya talla.

Sale Direba:
To bari in faɗi abin da zai ba ku dariya. Littafin da ya fi koya mini sha'anin kuɗi ba na kasuwanci ba ne, ƙagaggen labari ne, Les Misérables ɗin nan na marubucin Faransa Victor Hugo na 1862 da aka tilasta mana wani yanki nasa a makaranta muka tsane shi. Cikakkensa a murya ya kusa awa sittin. Mutum ya saci burodi, ya ƙare da shekara 19 a kurkuku. A ciki akwai wasu mata da miji masu masauki da aka ba su riƙon yarinya, kullum suna aika wa uwar cewa kuɗi bai isa ba, an yi ciwo, a ƙaro. Ina jin wurin nan na ce wallahi na san mutanen nan. Akwai wani mai gareji a kan hanyarmu, ba zan faɗi gari ba, na bar masa mota kwana uku ta zama kwana goma sha biyu, kullum da sabon abin da ya mutu a ciki. Yadda yake marairaice murya a waya, sak. Da na ji labarin tun kafin lokacin, da tun kira na biyu na je na tsaya a kansa. Littafin kasuwanci yana ba ka doka, wannan kuwa fuskar mutum yake nuna maka.

Malam Hamadu:
Ka saurara har da dogon bayanin yaƙin Waterloo da na magudanun ƙazantar Paris?

Sale Direba:
Na Waterloo na ji shi tas, tsakanin Gidar da Marwa, kuma ya yi mini daɗi. Na magudanun ban kai ba tukuna. Ka ga amfanin tuƙi, Malam. Da a takarda ne da na tsallake, amma hannu yana kan sitiyari, dole ka haƙura ka ji, kuma sau da yawa abin da za ka tsallake ɗin nan ne naman yake.

Bello:
Amma Kawu Sale, kai da kanka ka ce na kasuwanci suna da tsawo. Awa takwas ta yi maka yawa, awa sittin ba ta yi ba?

Sale Direba:
Ɗana, tafiyar kilomita ɗari biyar gaba da zagaye fili ɗaya sau hamsin ba ɗaya ba ne, ko da man da aka ƙona daidai yake.

Hajiya Mairo:
Ni dai gwangwanayena uku suna nan, kuma ba Hugo ne ya ba ni su ba.

Isiyaku:
Hajiya ba ta sauka ba, Sale bai sauka ba. Ni abin da na tsinta shi ne kowa yana kuka da rashin namu. Tarihin Adamawa tun daga tutar da Shehu ya ba Modibbo Adama a 1809, labarin Mandara da Kotoko da Bagirmi, yadda Hausawa suka zo suka kafa unguwanni a garuruwan nan, duk sai dai mu ji a bakin wanda ba ya iya kiran sunan garin. Malam Hamadu, me zai hana ka riƙa yi mana minti ashirin-ashirin da Hausa, ka ɗora a nan?

Malam Hamadu:
Zan iya, amma da sharaɗi biyu. Na ɗaya, ba zan karanta littafin kowa ba, bayanina zan yi, kuma duk inda na ɗauko magana zan tsaya in ce wane ne ya faɗa, a wace shekara, kuma shi wane ɓangare yake. Zai rage daɗi, ku sani tun yanzu. Na biyu, ba ni zan fara ba. A fara da Baba Garba. Ni abin da na sani yana cikin kabad, ba inda za shi. Abakar, kai ne kusa, gada kawai za ka haye.

Abakar:
Ranar Juma'a bayan masallaci in Allah ya yarda. Ina da ƙaramin makirfo na maƙalawa a riga. Baba, a kashe fanka kawai lokacin ɗauka, don tana shiga sosai.

Baba Garba:
A zafin Kusiri za ka kashe mini fanka? To ka zo da safe ranar Asabar, kafin rana ta yi. Kuma ka zo da goro, ba na magana baki ɗaya babu shi.

Zara:
A tambaye shi har da tatsuniyoyin da kakarsa ta yi masa, ba yaƙi kaɗai ba. Kullum in an ce tarihi sai maza su tafi wurin bindiga.

Alhaji Umaru:
In an gama da shi a zo wurina a ɗauki na albasa. Zan faɗi yadda ake gane maigidan da zai cinye ka tun daga gaisuwa. Ba zai kai awa takwas ba, Sale, kada ka ji tsoro.

Sale Direba:
Alhaji naka ko awa goma ne zan ji. Abakar, in ka ɗauka ka sa mini a memori ka bar wa mai shayin bakin tashar Kusiri, wanda ke da benci shuɗi, zan karɓa ranar Litinin, don data ba ta isa ta sauke abu mai nauyi a hanya. Yanzu haka muna Figil an gama duba takardu, yarona yana ta zungurina wai in kunna, tun jiya yake son ya ji ko ɗan sandan nan ya kama ɓarawon burodin. Mun tsaya a awa ta arba'in da ɗaya.

Hajiya Mairo:
Allah ya kiyaye hanya. In ka dawo Ngaundere ka biyo ta shago, dilar atamfata da ka ce za ka taho da ita tun watan jiya har yau ban gan ta ba.